Wa Ke Leƙa Ɗakin Da Ake Haɗa Ƴan Tayi?

Wanda aka yi wa tiyata, idan ya farfaɗo yana ganin ɗinki a jikinsa, kuma bayan ƴan makonni zai san ko ciwon ya tafi ko yana nan. Matar da ta je neman haihuwa ta hanyar dashen ciki, wato abin da likitoci ke kira IVF, ba ta da ko wannan. Ana cire mata ƙwai tana cikin maganin barci, a wuce da shi wani ɗaki da ba za ta taɓa shiga ba, a haɗa shi da maniyyi a ƙarƙashin madubin likita. Bayan kwana uku ko biyar sai a dawo da wani abu da bai kai ɗigon alƙalami ba, a ce mata ga ɗan tayinki. Ba ta da hanyar tabbatar da cewa ƙwanta ne, ko cewa maniyyin na mijinta ne, ko cewa na'urar da aka raine shi a ciki tana kan zafin da ya dace. Idan kuma cikin bai shiga ba, babu wanda zai iya rarrabe mata sakaci da ƙaddara, domin ko a asibitin da ya fi kowane ƙwarewa a duniya, yawancin gwaje-gwajen ba sa ƙarewa da haihuwa.

Wannan batu na ƙarshe shi ne ya sa na tsaya a kan cewa dole gwamnati ta sa ido a kan asibitocin haihuwa, ta ba su lasisi na musamman, ta kuma riƙa shiga ɗakunan gwajinsu. A sana'ar da rashin nasara ya zama abin yau da kullum, ɓarna tana da wurin ɓuya mai faɗi. Likitan da bai iya aiki ba zai iya shekara goma yana cewa ma'aurata a sake gwadawa, su kuma su sake biya, ba tare da kowa ya gane ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum ɗaya cikin kowane manya shida yana fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Mutanen nan suna da yawa, kuma Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama. Ba za a bar irin wannan mai neman ya zama shi ne alƙalin ingancin abin da ake sayar masa ba.

An haifi Louise Brown, jaririyar farko ta wannan hanya, ranar 25 ga Yulin 1978 a Oldham da ke Ingila, ta hannun Patrick Steptoe da Robert Edwards da Jean Purdy. A lokacin babu wata doka a ko'ina da ta san da zaman wannan aiki. Gwamnatin Birtaniya ta kafa kwamiti a 1982 a ƙarƙashin Mary Warnock, kuma abin lura ne cewa ba likita aka ba shugabancin ba, malamar falsafa ce. Rahotonsu ya fito a 1984, majalisa ta yi doka a 1990, hukumar sa ido a kan wannan aiki da ake kira HFEA ta fara aiki a 1991. Daga nan babu wanda ya isa ya haɗa ɗan tayi, ko ya adana shi, ko ya yi bincike a kansa a ƙasar ba tare da lasisin wannan hukuma ba. Tana kai ziyarar duba aƙalla sau ɗaya a cikin shekara biyu, tana riƙe da rajistar kowane aiki da aka yi, tana kuma iya ƙwace lasisi.

Ba ina cewa tsarinsu ba shi da aibi ba ne. Ina kawo shi ne saboda yana da wani sakamako da za a iya aunawa, wato batun tagwaye.

Ga wanda ya daɗe yana nema, labarin tagwaye ko ƴan uku daɗi ne a kan daɗi. A wurin likitan mata kuwa, cikin ƴaƴa da yawa shi ne haɗari mafi girma da dashen ciki ke jawowa: haihuwar bakwaini, jarirai marasa nauyi, makonni a kwalba, naƙasa ta har abada a wasu lokutan, ga hawan jini da jijjiga da zubar jini ga uwa. Dalilin yawan tagwayen a bayyane yake. Asibiti yana son a ce matan da suka zo wurinsa suna samun ciki, ma'aurata kuma ba sa son biya sau biyu, don haka kowa sha'awarsa ita ce a zuba ƴan tayi biyu ko uku lokaci ɗaya. Babu wani asibiti da zai daina wannan shi kaɗai, domin alƙalumansa za su sauka, masu zuwa su koma wurin maƙwabcinsa. Dole sai wani daga waje ya ɗaure kowa da igiya ɗaya. A 2008 kusan ɗaya cikin kowace haihuwa huɗu ta dashen ciki a Birtaniya tagwaye ne ko fiye. Hukumar ta sa wa asibitoci iyaka, tana rage ta sannu a hankali har zuwa kashi 10 cikin 100, ta matsa a riƙa dasa ɗan tayi ɗaya a daskarar da sauran domin wani lokaci. Cikin kimanin shekara goma aka kai wannan mataki, daga baya ma aka sauko ƙasa da shi sosai, kuma yawan matan da ke haihuwa bai ragu ba.

A Amurka kuwa, a 2009, wata mata a Kalifoniya ta haifi ƴaƴa takwas rigis, bayan likitanta Michael Kamrava ya dasa mata ƴan tayi 12. Ƙungiyar likitocin fannin tana da ƙa'idoji a rubuce da suka hana haka, amma shawara ce, ba doka ba. Sai a 2011 hukumar likitocin jihar ta ƙwace masa lasisi, lokacin da yaran suka riga suka shekara biyu. Dokar tarayya da Amurka ke da ita tun 1992 ta buƙaci asibitoci su riƙa kai alƙaluman nasararsu ga gwamnati, amma hukuncin wanda ya ƙi bai wuce a buga sunansa cikin jerin waɗanda ba su kawo ba.

Sai batun da ya fi taɓa zuciya, wato nasaba. Donald Cline, likita a jihar Indiyana ta Amurka, ya yi shekaru yana amfani da maniyyinsa a kan matan da suka zo wurinsa, yana gaya musu na wani mai bayarwa ne, wasu ma sun ɗauka na mazajensu ne. Gwajin DNA na kasuwa ne ya tona asirin bayan shekaru da dama, aka gano yara sama da 90, da yawansu sun taso a yanki ɗaya ba su san juna ba. Da aka kai shi kotu a 2017, abin da aka iya kama shi da shi kawai shi ne yi wa masu bincike ƙarya, domin babu dokar da ta ambaci ainihin abin da ya aikata. Ko kwana ɗaya bai yi a gidan yari ba. Sai a 2019 jihar ta yi dokar da ta mayar da wannan laifi. A Holan ma an samu Jan Karbaat, wanda gwaji ya tabbatar a 2019 cewa shi ne mahaifin yara 49, bayan ya riga ya mutu. Wannan ke nan ɓangaren ha'inci. Akwai kuma kuskure tsagwaronsa: a birnin Leeds na Ingila, a wani lamari da ya fito fili a 2002, aka haɗa ƙwan wata mata da maniyyin mijin wata, ba a kuma gane ba sai da aka haifi tagwayen aka ga launin fatarsu. Bayan wannan ne aka tsaurara ƙa'idar cewa duk lokacin da za a ɗaga ƙwai ko maniyyi ko ɗan tayi daga wani mazubi zuwa wani, sai mutum na biyu ya duba suna da lamba ya sa hannu. Aiki ne mai gajiyarwa, yana cin lokaci da albashi, kuma asibitin da ya san ba mai zuwa duba takardunsa zai fara yin sa da ka, daga nan ya daina.

Addinai sun yi magana a kan wannan, kuma ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Muftin Masar, Shaihu Jad al-Haƙ, ya ba da fatawa a 1980 cewa dashen ciki ya halatta matuƙar ƙwan na matar ne, maniyyin na mijin ne, kuma auren yana nan, ra'ayin da mafi yawan malaman Sunna suka tafi a kai. Iran ta bi wata hanya, har ta yi doka a 2003 da ta yarda a ba ma'aurata ɗan tayin wasu ma'auratan. Fadar Batikan ta ƙi amincewa da aikin baki ɗaya a 1987. Kowace al'umma za ta yanke wa kanta inda za ta tsaya. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne, duk yadda mutum ya tsananta a kan kiyaye nasaba, haka buƙatarsa ga mai sa ido take ƙaruwa. Fatawa ta ce maniyyin ya zama na miji, to wa zai tabbatar na mijin ne aka sa? Malami ba ya shiga ɗakin gwaji. Wanda kuma ƙasarsa ta yarda da bayar da maniyyi, shi ma yana buƙatar rajista, don kada ɗan'uwa ya auri ƴar'uwarsa bai sani ba, kuma don yaron ya iya sanin cututtukan da ya gada. Birtaniya ta taƙaita mai bayarwa ɗaya ga iyalai 10, ta kuma soke ɓoye suna daga Afrilun 2005, ta yadda yaro idan ya kai shekara 18 zai iya neman sanin wanda ya fito daga jikinsa. A cikin duk masu ruwa da tsaki a wannan ciniki, yaron ne kaɗai ba ya wurin lokacin da ake sa hannu, kuma shi ne zai rayu da sakamakon har tsufansa. In ba gwamnati ba, ban ga wanda zai zauna a kujerarsa ba.

Ko tankin da ake daskarar da ƴan tayi a ruwan naitirojin abin dubawa ne. A ƙarshen mako guda a Maris na 2018 tankuna biyu suka lalace a asibitoci biyu daban na Amurka, ɗaya a Cleveland ɗaya a San Francisco, kuma a Cleveland kaɗai ƙwai da ƴan tayi kusan 4,000 abin ya shafa. A can Cleveland ɗin an gano cewa ƙararrawar da ke sanar da ma'aikata daga nesa a kashe take.

Alƙaluman nasara kuwa wani fage ne na wasa da hankali. Asibiti zai iya cewa yana da nasarar kashi kaza, amma nasarar me? Gwajin fitsari ya nuna ciki, ko an ji bugun zuciya, ko an haifi ɗa da rai? An ƙirga duk matan da suka fara shan magani, ko kuwa waɗanda suka kai matakin dashe kawai? An cire masu shekaru da yawa daga lissafin? Mace ƴar ƙasa da shekara 35 tana da damar haihuwa kusan ɗaya cikin uku a kowane dashe, wadda ta haura 43 kuwa da ƙwanta ba ta kai ɗaya cikin goma ba. Asibitin da ke korar masu wuyar sha'ani zai fito da lamba mai kyau fiye da wanda ke karɓar kowa, alhali na biyun ya iya fin sa ƙwarewa. Ga kuma ƙarin ayyuka da ake lissafo wa ma'aurata bayan sun riga sun tsunduma, ana cewa za su ƙara musu dama: wani sinadari da ake cewa yana manna ɗan tayi, karce bangon mahaifa, magungunan rage ƙarfin garkuwar jiki. Hukumar Birtaniya ta fara auna hujjar kowanne tana bugawa ga jama'a, kuma mafi yawansu ba a samu shaida mai ƙarfi cewa suna ƙara haihuwa ba. Wace mata ce, bayan gwaji uku sun faɗi, za ta iya cewa a'a ga abin da likita ya ce wataƙila ya taimaka?

Duk da haka, akwai irin dokar da ba na goyon baya, kuma masu tsoron shigowar gwamnati ba su rasa hujja ba. Italiya ta yi doka a 2004 da ta ce kada a haɗa ƴan tayi fiye da uku, kuma duk waɗanda aka haɗa dole a dasa su lokaci ɗaya, ba a yarda a daskarar da su ba. Manufar ita ce girmama ɗan tayi. Abin da ya biyo baya shi ne yarinya mai ƙarfin haihuwa an tilasta mata haɗarin ƴan uku, wadda damarta ta yi ƙasa kuma sai ta yi ta maimaita allurai da cire ƙwai. Masu hali suka riƙa tsallaka iyaka. Kotun tsarin mulkin ƙasar ta rushe wannan sashe a 2009, ta rushe wani a 2014. Kosta Rika ta haramta aikin gaba ɗaya a 2000, sai da kotun haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar Amurka ta yanke hukunci a kanta a 2012. A Fabrairun 2024 kotun ƙolin jihar Alabama ta Amurka ta ce ƴan tayin da ke daskare ƴaƴa ne a idon dokar diyyar kisa, nan da nan wasu asibitoci suka dakatar da aiki, matan da ke tsakiyar shan allurai suka rasa tudun dafawa, har majalisar jihar ta yi gaggawar yin wata doka cikin makonni.

Kuskuren Italiya shi ne ƴan majalisa sun zauna sun rubuta aikin likita a cikin doka. Adadin ƴan tayin da ya dace ya danganta da shekarun mace da tarihinta da ci gaban fasahar daskararwa, kuma wannan yana canzawa duk bayan ƴan shekaru. Majalisa ta zana manyan iyakoki, abin da ba za a taɓa yi ba da abin da ba za a yi ba sai da izini, sannan ta bar sauran ga hukuma mai ƙwararru da mutanen gari a cikinta, wadda za ta iya gyara ƙa'idojinta ba sai an jira shekara goma ba. Kuma aikin wannan hukuma ya tsaya a kan asibiti. Ranar da ta koma tantance wane ne ya cancanci haihuwa bisa dukiyarsa ko ƙabilarsa ko naƙasarsa, ta zama wata masifar daban.

Bincike a kan ƴan tayi ya fi wuyar sha'ani, domin a nan babu mara lafiyar da za a ce ana yi wa magani. Ana amfani da ɗan tayi ne a koyi wani abu, daga nan ya lalace. Akwai mutanen kirki da ke ganin wannan ba shi da halin halatta ko kaɗan, kuma Jamus ta hana shi tun dokarta ta 1990. Kwamitin Warnock ya zaɓi iyakar kwana 14. Dalilinsu shi ne a daidai wannan lokaci wani ɗan layi ke fara bayyana a jikin ɗan tayin, wanda shi ne mafarin tsarin jiki, kuma daga nan ba zai ƙara rabewa ya zama tagwaye ba. Ita kanta Warnock ba ta yi da'awar cewa ta gano ranar da mutum ke zama mutum ba. Abin da ta nema shi ne lambar da kowa zai iya ƙirgawa, mai duba ya iya tabbatarwa. Ƙasashe da dama suka ɗauki wannan iyaka, kuma ta yi shekaru ba wanda ya ji nauyinta, saboda ba a iya raya ɗan tayi a wajen mahaifa har ya kai nan. A 2016 masu bincike a Cambridge da New York suka kai kwana 13, suka tsaya saboda ƙa'idar. A 2021 babbar ƙungiyar masu binciken ƙwayoyin asali ta duniya, wato ƙwayoyin halitta da ke iya rikiɗa su zama sassan jiki daban-daban, ta sassauta matsayinta, ta ce ana iya duba buƙatar wuce kwana 14 ɗaya bayan ɗaya.

Hujjarsu tana da nauyi, domin tsakanin mako na biyu da na huɗu ne ɓari da yawa da wasu naƙasassun halitta ke samo asali, kuma kusan ba a san abin da ke faruwa a lokacin ba. Amma ni ina ganin iyakar da aka riƙe lokacin da ba a iya kai mata, aka kuma nemi ɗagawa a ranar da aka iso ta, za ta koya wa jama'a cewa duk alƙawarin masana na ɗan lokaci ne. Idan za a ɗaga, majalisa ce za ta ɗaga a bainar jama'a bayan muhawara, ba waɗanda iyakar ta tsare ba. Haka Birtaniya ta yi da dabarar musanya wani ɓangare na ƙwan mace domin kare jariri daga wata muguwar cutar gado da ke bin jinin uwa: shekaru ana tattaunawa, majalisa ta kaɗa ƙuri'a a 2015, aka ba cibiya ɗaya a Newcastle lasisi a 2017, kuma kowace mata sai an nemi izini a kanta daban. Ana iya ƙin sakamakon, amma ba a ɓoye aka yi ba.

A ɓoye kuwa He Jiankui ya yi nasa. A Nuwamban 2018 wannan masani na birnin Shenzhen a Chaina ya sanar cewa an haifi ƴan mata tagwaye da ya sauya wa ƙwayoyin gado tun suna ƴan tayi, wai don ya kare su daga cutar ƙanjamau, alhali akwai hanyoyi masu sauƙi da aminci na hana jariri kamuwa. Kotu ta gano cewa an ƙirƙiri takardun amincewar kwamitin ɗa'a, ta yanke masa ɗaurin shekara uku da tarar yuan miliyan 3 a Disamban 2019. Chaina tana da ƙa'idoji a rubuce kafin wannan, abin da ta rasa shi ne wanda zai bi diddiginsu, kuma sai bayan abin ya faru ta shigar da shi cikin dokar manyan laifuka. Kafin shi, Hwang Woo-suk na Koriya ta Kudu ya ƙirƙiri sakamakon bincikensa a 2004 da 2005, an kuma gano cewa har daga jikin ƙananan ma'aikatansa mata aka samo wasu ƙwayayen. Yanzu ga wani sabon giɓi: ana ƙera abin da ya yi kama da ɗan tayi daga ƙwayoyin asali, ba ƙwai ba maniyyi, kuma dokoki da yawa ba su san sunan da za su kira shi ba.

Za a ce duk wannan sa ido yana ƙara tsada a kan aikin da tun farko ya fi ƙarfin talaka. Gaskiya ne yana ƙarawa. Amma a lissafa kuɗin zagaye huɗu a asibitin da ɗakin gwajinsa ba shi da inganci, ko kuɗin jarirai uku a kwalba na wata biyu, a ga wanne ya fi tsada. Abin da ya fi damuna shi ne lasisin da ya tsaya a takarda. Indiya ta yi dokokinta biyu a 2021, ɗaya kan asibitocin ɗaya kan hayar mahaifa, wasu ƙasashen ma suna kan hanya, kuma yin doka shi ne ɓangare mai sauƙi. Takardar da aka rataya a bango ba tare da mai duba a bayanta ba ta fi rashin takarda haɗari, saboda ma'aurata za su gan ta su saki jiki. Mai dubawar dole ya san aikin ɗakin gwaji da kansa, ya iya zuwa ba sanarwa, albashinsa kada ya dogara da yardar waɗanda yake dubawa, kuma doka ta faɗi ƙarara inda tankuna da rajista za su koma idan asibiti ya rufe ko ya karye, tunda ɗan tayi na iya zama a daskare shekaru da dama, Birtaniya ma ta ƙara wa'adin zuwa shekara 55 a 2022.

Akwai kuma inda hukumar ƙasa ɗaya ba ta isa. A Afrilun 2023 wata kotu a Holan ta umarci Jonathan Meijer ya daina bayar da maniyyi, bayan an ƙiyasta ya haifi aƙalla yara 550, a ƙasar da ƙa'idarta a lokacin ta tsaya a yara 25. Ya yi ta yawo ne daga asibiti zuwa asibiti, daga intanet zuwa bankunan maniyyi da ke aikawa ƙasashen waje, kowane wuri yana ƙirga nasa kawai. Ƙwai da maniyyi da ƴan tayi suna hawa jirgi kowace rana a cikin tankuna, rajistar kowace ƙasa kuwa tana tsayawa a bakin iyakarta, kuma har yanzu ƙasashe ba su zauna sun amince da adadi ɗaya ko littafi ɗaya da za su riƙa dubawa tare ba.